Layin da Ya Bi Ta Bayan Gidan Gwaggo

Litinin, 13 ga Satumba

Ni ne Eleazar Villafranca, ɗan shekara ashirin da huɗu, mai digiri na farko a kimiyyar siyasa da takardar ƙwarewa a zanen taswira da na'ura. Na buɗe wannan kundi ne domin in adana, bisa tsari, tarihin rawar da zan taka a aikin sake shata iyakokin mazaɓun ƙaramar hukumarmu ta Vado Prieto, a nan Texas, aikin da doka ta wajabta bayan kowace ƙidayar jama'a. Kaina nake rubuta wa. Amma idan masu bincike suka buƙata wata rana, ba zan hana su ba.

Ga haƙiƙanin halin da ake ciki. Majalisa tana da kansiloli huɗu da shugaba ɗaya. Mu 'yan Latino mun haura rabin jama'a, amma tun kafuwar garin kujera ɗaya muka sani, ta mazaɓa ta biyu, wadda Baba Fidencio Olivares yake kai kusan shekara ashirin. Sai shekara uku da suka wuce Gwaggo Herlinda, ƙanwar mahaifina wadda ta raine ni bayan rasuwarsa, ta ci mazaɓa ta huɗu da ƙyar, da ƙuri'un unguwarmu ta El Bajo. Su biyun ne suka riƙe ni gaban Fada a coci ranar baftismata, shi ya sa har yau compadre da comadre suke kiran juna. Ke nan dimokuraɗiyyar kudancin layin dogo gaba ɗayanta ta taɓa ɗaukata a hannu.

Taubashiyata Noemi, 'yar Gwaggo, ta leƙo tana cewa, "Farfesa, in ka gama rubuta tarihin duniya, ga shara can tana jiranka."

Alhamis, 16 ga Satumba

Jita-jita ta cika gari cewa majalisa ta ɗauko wani kamfanin lauyoyi daga babban birni, kuma shirinsu shi ne su yanka kudancin dogo gida huɗu, su liƙa kowane yanki da gonakin Turawa, mu wayi gari ba mu da rinjaye ko'ina. A littattafanmu wannan dabara tana da suna, na kuma rubuta jarrabawa a kanta.

Na shaida wa Gwaggo cewa zan gabatar da shaida a zaman sauraron jama'a. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba, ta kira ni da sunana na gida.

"Lacho, layin da ke nan ba kyau gare shi ba, na sani. Amma na san inda yake."

Na yi mata bayanin cewa shiru a gaban zalunci amincewa ne. Ta ce, "To Allah ya taimaka. Miƙo min tukunyar nan."

Ina ƙaunarta, amma siyasarta ta kwalbati ce da kwatami. Tun da ta hau, magana ɗaya ce a bakinta: babban magudanin ruwa na El Bajo, don duk damina ruwa har ƙarƙashin gadaje. Ta ce saura kaɗan ta shawo kan ƙuri'a ta uku. Ba ta hangen babban hoton.

Lahadi, 19 ga Satumba

Bayan coci na bi Baba Fidencio shagonsa na taya, muka sha romon tumbi. Shi mutum ne mai fahimta. Ya saurare ni har ƙarshe, abin da ba a yi min a gida.

Na ce masa doka tana girmama abin da ake kira al'umma mai muradi ɗaya, amma sai an kawo hujja cewa al'ummar ɗaya ce. Ya daɗe yana juya cokali, sannan ya ce, "Hujja? Ɗana, ai hujja tana yawo a kafaɗarmu kowace Disamba. Ka zana musu hanyar da Uwa take bi."

Zagayen Uwa Maryamu ta Guadalupe! Kwana tara ana ɗaukar mutum-mutuminta daga gida zuwa gida, gidaje tara da suka gaji wannan karɓa tun kakanni. Daga gidan Gwaggo a El Bajo ake farawa, a ƙare a coci, kusa da gidan Baba. Babu alƙalamin ƙididdiga da ya kai wannan ƙarfi. Na yi mamakin da ban riga shi tunanin ba, ko da yake da ma ina dab da shi.

Asabar, 25 ga Satumba

Daftarina ya kammala, shafi biyu. Shafi na ɗaya: hanyar zagayen da jan layi, shaida cewa kudancin dogo jiki ɗaya ne, ba a yi masa gunduwa-gunduwa. Shafi na biyu, wanda shi ne zuciyar aikin: yadda za a fitar da mazaɓu biyu daga wannan jiki, kowace da rinjayenmu. Na ɗaya shimfiɗa ce, na biyu shi ne gini.

Na zaga gidajen tara neman sa hannu a shafi na ɗaya. Iya Eufemia, wadda ta haura tamanin, ta riƙe biro tana kallona.

"Za a canja wa Uwa hanya ne?"

"A'a, Iya. Kare hanyar za mu yi."

"To in don Uwa ne, kawo." Ta sa hannu, ta cusa min burodi mai sukari a aljihu kamar ɗan firamare.

Laraba, 29 ga Satumba

Wata farar a-kori-kura ta tsaya a bakin kwatamin bayan gidanmu. Mutum biyu, ba 'yan gari ba. Sun ɗauki hoton allon sunan titi, suka tafi. Karen maƙwabta bai daina haushi ba sai da suka ɓace.

Juma'a, 8 ga Oktoba

An ɗage zaman sauraron jama'a daga yammacin Alhamis zuwa hantsin Talata. Lokacin da kowa yake mayanka ko injin gurzar auduga. An ce wai saboda gyaran na'urar sanyaya ɗaki.

Talata, 12 ga Oktoba

Na yi jawabi.

Daga ɓangarenmu mutum bai fi goma ba, yawanci tsofaffi. Tafinta bai zo ba, aka ce motarsa ta lalace. Shugaba Tolliver ya sanar cewa kowa minti uku gare shi. Na fara da asalin wakilci a falsafar mulki, na gangaro kan gyaran tsarin mulki, na ɗaga shafi na ɗaya. Na ce, kuma ina alfahari da jimlar: "Al'ummar da take ɗaukar Uwa ɗaya a kafaɗa ɗaya, ba ta rabuwa, ba ta tsaguwa, ba ta kasuwa." Tsofaffinmu suka tafa, ko da yake rabinsu ba su ji Turancin ba.

Ina juya takarda zuwa shafi na biyu, ƙararrawa ta kaɗa.

Na nemi ƙarin minti ɗaya. Shugaba ya yi murmushi ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, kuma ya san mai ilimi irina zai fi kowa girmama ta. Na miƙa wa magatakarda shafukan biyu, na zauna.

A bakin ƙofa lauyan kamfanin, Mista Prather, ya tare ni. Dogo, mai sanyin murya, hannunsa a bushe. Ya ce a duk ƙananan hukumomin da ya yi wa aiki bai taɓa jin shaida mai ma'ana kamar tawa ba. Gwaggo tana can kan kujerarta ta majalisa tana kallonmu. Ba ta tafa ba ɗazu. Na lura.

Alhamis, 14 ga Oktoba

Mista Prather ya kira ni a waya. Ya ce ofishinsu yana buƙatar matasa masu harshe biyu da kaifin basira, in aiko da takarduna bayan an gama wannan aiki. Sannan ya ce yana da 'yar tambaya ta fasaha: zagayen, daga ƙofar gidan farko yake tashi, ko yana ratsawa ta lungun baya? Na fayyace masa dalla-dalla: ta ƙofar baya ake fito da Uwa, a bi gefen kwatami, a hau titin Nogal. Ya ce, "Madalla. Ina son mutum mai daidaito."

Ban gaya wa Gwaggo maganar aikin ba. Sai ta tabbata.

Lahadi, 24 ga Oktoba

Shiru. Babu daftari, babu sanarwa. Baba Fidencio bai tsaya gaisawa ba bayan coci, wai ana jiransa a shago. Ran Lahadi.

Litinin, 1 ga Nuwamba

An wallafa taswirar.

Ba su yanka mu huɗu ba. Sun tattara mu ne, kaf, cikin mazaɓa ta biyu. Cikin kowane mutum goma a can, tara namu ne. El Bajo gaba ɗaya an zare ta daga mazaɓa ta huɗu, aka cike gurbin da sababbin gidajen arewacin dogo, masu filin wasa da tafkin wanka. Abin da ya rage namu a ta huɗu bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Na ƙara girman hoton a na'ura har sai da gidaje suka fito. Layin ya taho ta titin Nogal, ya karya, ya bi gefen kwatami, ya zagaye gidanmu ta baya. Gidan Gwaggo da gidan Baba yanzu mazaɓarsu ɗaya. Doka kuwa ta ce kansila sai mazaunin mazaɓarsa.

A ƙasan taswirar, da ƙananan haruffa: "An kiyaye haɗin kan al'ummar kudancin dogo, bisa shaidar Mista E. Villafranca da sa hannun mazauna."

Wannan gurɓata hujja ce ƙarara. Shafi na biyu yana hannunsu. Gobe zan warware.

Talata, 2 ga Nuwamba

Ranar ziyarar matattu. Mun kai furanni kabarin mahaifina. Noemi ta jira har Gwaggo ta tafi ɗebo ruwa.

"Farfesa, sannu da aiki. Shekara nawa Turawan nan suna neman wuƙar da za su yanka Mama, kai ka wasa ta, ka kai musu har ofis."

Na ce mata ba ta karanta shafi na biyu ba.

"Su ma ba su karanta ba, sakarai!"

Gwaggo ta dawo, ta ce, "Ba a faɗa a kan kabari." Ta durƙusa tana goge sunan yayanta da tsumma. Har muka dawo gida ba ta ce min komai a kan taswira ba. Da ta zage ni, da na sami abin mayarwa.

Alhamis, 4 ga Nuwamba

Mista Prather yana taro. Jiya ma yana taro. Magatakardan majalisa ya ce abin da aka faɗa da baki a zaman shi ne shaida, shafi na biyu kuwa "takarda ce da aka karɓa." Na tambaye shi bambancin. Ya ce shi ba lauya ba ne.

Talata, 9 ga Nuwamba

Ƙuri'a.

Gwaggo ta nemi magana. Ba ta ambaci kanta ba. Ta ce, "Mutanen El Bajo za su zama ƙari ne a kan ƙuri'ar da ba ta buƙatarsu. Wanda zai zauna a kujerar nan bayana, ruwa bai taɓa shiga ɗakinsa ba." Ta zauna. Ko minti ɗaya ba ta cinye ba.

Shugaba ya karanta jimlata daga takarda, "ba ta rabuwa, ba ta tsaguwa, ba ta kasuwa," ya ce majalisa ta saurari muryar matasan Latino. Ya nuna ni da hannu. Mutane suka juyo.

Kansilan mazaɓa ta ɗaya, e. Na ta uku, e. Shugaba, e. Gwaggo, a'a. Da aka zo kan Baba Fidencio na riga na rubuta "a'a" a takardata, don in adana sakamakon.

Ya ɗaga hannu. Ba sama sosai ba, iya kafaɗa. Ya ce e.

Huɗu da ɗaya. Da ya ce a'a ma taswirar za ta wuce. Wannan ne abin da na kasa warwarewa ta fuskar mantiƙi: ba sa buƙatar ƙuri'arsa don su ci. Sai dai don a rubuta cewa ɗan Latino ya amince.

Asabar, 13 ga Nuwamba

A gidan burodi layi ya yi shiru da na shiga. Jikan Iya Eufemia, wani ƙato mai aiki a mayanka, ya ce da ƙarfi, ba ni yake kallo ba, "Ku ɓoye biro, mai taswira ya zo." Aka yi dariya, ba mai yawa ba. Mai shagon ta ba ni burodina ba ta tambayi Gwaggo ba, ita da kullum sai ta tambaya.

Laraba, 17 ga Nuwamba

Na yi magana da wata lauya ta ƙungiyar kare haƙƙin masu zaɓe. Ta ce cusa jama'a a mazaɓa guda don a rage musu kujeru abu ne da ake ƙalubalanta a kotu, amma shari'ar tana iya cin shekaru, zaɓen fid da gwani kuwa watan Maris ne. Ta ce babbar matsalar ita ce majalisa tana da kansila ɗan Latino da ya amince, da kuma shaidar wani ɗan unguwa. Ta tambaye ni ko na san wannan Villafranca.

Na ce na san shi sama-sama.

Lahadi, 21 ga Nuwamba

Baba ya zo gida da buhun lemo. Ina ɗaki, ƙofa a buɗe. Abin da na riƙe ke nan.

"Comadre, ba ki san abin da na gani ba. Sun nuna min ɗaya taswirar, mai yanka huɗu. Da ba mu tashi da ko kujera ɗaya ba."

"Yaushe suka nuna maka, compadre?"

"Na ceci abin da zai cetu," in ji shi.

"Ka ceta. Kujerar ma ta yi sa'a, taka ce."

Ya ce magudanin El Bajo yana wuyansa, zai ɗauka kamar nasa. Ta ce, "Da ƙuri'a ɗaya cikin biyar? Allah ya ba ka ƙarfi." Sai ya sassauta murya ya tambaye ta ko tana da niyyar tsayawa a mazaɓa ta biyu, tunda yanzu nan ce mazaɓarta.

"Ni da kai mun riƙe yaro ɗaya a gaban Allah. Ba zan hau mumbari in zage ka ba. Ka san haka tun kafin ka ɗaga hannun nan."

Ya tafi. Lemon yana nan a bakin ƙofa, babu wanda ya shigo da shi.

Talata, 23 ga Nuwamba

Noemi, tana wanke-wanke, ba ta ko juyo ba: "Wai ni Farfesa, Baturen nan da ya kira ka, wa ya ba shi lambarka?"

Na duba kwafin shafukan biyu. Babu lambar wayata a jiki. A takardar masu jawabi ma suna da unguwa kawai aka rubuta.

Akwai hanyoyi da dama da mutum zai sami lamba. Na lissafa su. Ba su da yawa kamar yadda na zata.

Juma'a, 3 ga Disamba

Yau aka fara zagayen, daga gidanmu kamar kullum. Gwaggo ta kwana biyu tana naɗe tamales, alalar masararmu ta biki, ta share tsakar gida, ta jera kyandir. Jama'a sun zo, amma ba kamar bara ba. Iya Eufemia ta aiko cewa ƙafa ta hana ta.

Da yamma aka fito da Uwa ta ƙofar baya. Baba ne riƙe da sandar gaba ta dama ta abin ɗaukarta, wurinsa tun ina yaro. Muka bi gefen kwatami muna jan carbi. Ina tafe ina ganin jan layin a ƙarƙashin ƙafafunmu, duk da babu komai a wurin sai ciyawa da ruwa mai wari. Hagu mazaɓa ta huɗu. Dama mu.

A al'ada, ɗan baftisma in ya haɗu da ubansa a irin wannan rana yakan sunkuya ya nemi albarka. Da aka sauke Uwa a gida na biyu Baba ya juyo, ya ɗan ɗaga hannu yana jira. Igiyar takalmina ta kwance a daidai lokacin. Kafin in gama ɗaurewa an fara waƙa.

Litinin, 6 ga Disamba

Na biya ofishin jam'iyya na karɓo takardar tsayawa takara ta mazaɓa ta biyu. Don nazari kawai. Ban taɓa ganin irinta ba. Ran Litinin mai zuwa ake rufe karɓa. Na ajiye ta a kan teburin cin abinci. Gwaggo ta gani, ta ɗauke ta daga kusa da miya, ta ɗora a kan firji. Ba ta yaga ba. Gurbin suna yana nan fari. Ta ce ita ta riga ta faɗi matsayinta. Noemi ta dube ni ta ce, "Ai ba Mama kaɗai ce mai suna Villafranca a gidan nan ba." Ɗa ba ya takara da ubansa na baftisma, kowa ya sani.

Takardun da na haɗa don ofishin Mista Prather suna cikin aljihun tebur. Babu gaggawa.

Na rubuta wasiƙa, zan kai shagon taya da hannuna gobe. Ga kwafinta.

"Zuwa ga Kansila Fidencio Olivares, mazaɓa ta biyu. Ni mazaunin mazaɓarka ne tun ranar 9 ga Nuwamba. Tambayata ɗaya ce. Ranar da ka ce in zana hanyar Uwa, ka riga ka zauna da Mista Prather, ko ba ka zauna ba? Ba na buƙatar bayani, ba na buƙatar lemo, kuma kada ka aiko a kira ni shago. E ko a'a, a rubuce, da sa hannunka, zuwa ƙarfe biyar na yammacin Juma'a, 10 ga Disamba. Idan lokacin ya wuce ban ga takarda ba, zan ɗauka ka amsa."